Kafin Inji Ya Buga

A ƙarshen hunturun bara, ƙanin matata ya kira ni da hantsi daga bakin titin Kachia, tsakanin Television da Sabon Tasha. Da murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Yaya, mashin ya tsaya. Kik ɗin ma ya ƙi motsi." Mashin ɗin nawa ne. Na saye shi na hannu, na ba shi yana haya a lungunan Narayi da Unguwar Romi, yana kawo mini balas duk ƙarshen mako. Muka kai shi wurin wani dattijon bakanike a Kakuri, wanda a ƙuruciyarsa ya yi aiki a sashen gyaran injuna na ɗaya daga cikin masaƙun unguwar. Bai tambaye mu komai ba sai da ya kwance notin juye ya tara wani tsaftataccen kwano. Abin da ya sauko bai cika kofin shayi ba, ga shi da kauri kamar kwalta. Ya fita da kwanon rana, ya karkata shi, sai ga man yana ƙyalli kamar an barbaɗa masa garin azurfa.

"Yaro, yaushe ya fara ƙara?"

"Ya kai wata biyu, Baba."

"Me ka yi masa?"

"An ce mini in riƙa zuba mai kauri. Da na zuba sai ƙarar ta ragu."

Dattijon ya juyo gare ni ya ce, "Alhaji, wata biyu mashin ɗinka yana kuka, aka toshe masa baki."

Kuɗin da na kashe wajen sauya karanshaf da fistin da kamshaf ya ishi mashin ɗin juye na fiye da shekara guda, ban da mako biyu da yaron ya yi a gida ba sisi. Na fara da jin haushinsa. Da na zauna na yi lissafi, sai na ga rabin laifin nawa ne.

Mukan ce "injin ya buga" da irin muryar da muke cewa "tsawa ta faɗi", tamkar abu ne da ya sauko daga sama ba sanarwa. Ra'ayina shi ne, a tsohon mashin bugun inji ƙarshen doguwar jinya ne, wadda alamominta ke bayyana makonni kafin ranar. Abin da ke hana a kama ta da wuri ba ƙarancin kayan aiki ba ne, domin akasarin binciken kwano da kunne da hasken rana yake bukata. Abubuwa biyu ne ke hana mu: al'adar danne ƙara da mai kauri, da kuma yarjejeniyar balas wadda ke ɗora kuɗin kula da inji a kan wanda injin ba nasa ba ne. Da yake da yawa daga cikin masu karanta wannan wasiƙa ma'aikata ne da suka sayi mashin ko Keke suka bai wa wani ɗan'uwa, maganar tamu ce.

Mene ne matsin mai?

Famfon mai da ke cikin inji ba ya ƙirƙirar matsi da kansa. Aikinsa shi ne tura baƙin mai cikin ƙananan hanyoyi. Matsi yana samuwa ne saboda man ya tarar da ƙofofin fita masu ƙunci. Duk wanda ya taɓa zama a gidan bene a Barnawa ya san misalin: idan bututu ya fashe a ƙasa, ko da injin tura ruwa yana aiki lafiya, mutanen sama ne ke fara rasa ruwa.

A injin mota, da kuma manyan mashina masu silinda biyu ko huɗu, karanshaf yana juyawa ne a cikin wasu ɓawon ƙarfe masu taushi waɗanda kanikawa ke kira metal. Tsakanin sandar da metal akwai rata wadda ba ta kai kaurin gashin kai ba, ɗan kaso ne na milimita. Man da ke cika wannan rata shi ke ɗauke da sandar, har ƙarfe ba ya taɓa ƙarfe muddin injin yana tafiya daidai. Idan metal ya zaizaye, ratar ta buɗe, mai ya sami hanyar tserewa. Tserewar kuwa ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da buɗewar: idan ratar ta ninka biyu, man da ke zurarewa ta cikinta na iya ninkawa har kusan takwas. Matsi ya faɗi, shimfiɗar mai ta yi siriri, zaizaya ta ƙaru, rata ta ƙara buɗewa. Shi ya sa a irin waɗannan injuna fitilar mai kan fara ƙiftawa idan inji ya yi zafi yana silo, lokacin da man ya tsinke kuma famfo ke juyawa a hankali.

Mashin da ba shi da fitilar gargaɗi

Mashinan da suka cika Sabon Tasha da Kakuri da Gonin Gora ba wannan ginin ne da su ba. Bajaj Boxer, TVS, Haojue, roba-roba, Honda CG125 da ire-irenta da ake ƙerawa a China, akasarinsu masu silinda ɗaya ne, kuma karanshaf ɗinsu a kan boris yake zaune. Gindin kwanrod, wato sandar da ke haɗa fistin da karanshaf, yana juyawa a kan wasu ƙananan sandunan ƙarfe masu kama da gajerun allurai. Boris ba ya bukatar matsi mai yawa. Abin da yake so shi ne mai ya riƙa isowa ba yankewa, kuma ya zo da tsafta. Saboda haka famfon waɗannan mashina ƙarami ne, matsinsa kaɗan ne, kuma yawancinsu ba su da fitilar mai ko agogon auna matsi a gaban mai tuƙi. Babu abin da zai kunnu ya gaya masa cewa sama ta bushe.

Don haka tambayar da ta dace a yi wa ƙaramin mashin ita ce: man ya isa, yana da tsafta, yana kuma kaiwa kan inji? Kan inji, inda bawul suke, shi ne bene a misalinmu. Shi ne na ƙarshe da mai ke isa, shi ne na farko da ke jin ƙishirwa.

A tuna kuma da yawan aikin da ke kan wannan mai. Abin da ƙaramin mashin ke ɗauka lita ɗaya ce ko ƙasa da haka, alhali ƙaramar mota kan ɗauki lita uku zuwa huɗu. Wannan lita ɗaya ita ke shafe inji, ita ke cikin giya, ita ke jiƙa kuloci. Haƙoran giya suna niƙa ta, garin kuloci yana zuba a cikinta. Injin kuma iska ke sanyaya shi, ba ruwa ba, don haka idan ya tsaya cikin cunkoson kasuwar Sabon Tasha a zafin watan Afrilu, man ne ke shan wuta. Idan kofi ɗaya ya ragu a mota ba a cika ji ba. A mashin kuwa rubu'in abin da ke raya injin ke nan ya tafi.

Masu ƙera waɗannan injuna sun san halin da za su shiga. A 1974 injiniyoyin Honda sun zagaya wasu ƙasashen Asiya suna duba yadda ake amfani da mashinansu, suka tarar ana lodin mutane da kaya fiye da ƙima, ana barin mai har ya zama laka, matatar iska kuma ba mai taɓa ta. Suka koma suka ƙera CG125, wanda ya fito a 1975, suka sauko da kamshaf ɗinsa ƙasa kusa da mai, suka sa masa matatar iska da ake iya wankewa. Wato tun shekara hamsin da suka wuce an yi wa masu sakaci rangwame a cikin ƙirar injin. Rangwamen ne ya sa mashin ke jure wata biyu yana ƙara bai mutu ba, kuma shi ne ya ruɗe mu muka ɗauka zai jure har abada.

Mashina masu hayaƙi, irin Jincheng AX100, lissafinsu daban ne, domin man 2T da ke bin fetur ya ƙone shi ke shafe karanshaf ɗinsu. Ba su nake magana a kai ba yau.

Bincike daga mai araha zuwa mai tsada

Abin da na koya daga dattijon Kakuri shi ne bin tsari. Ba a fara tsaga inji sai an gama da abin da ba ya cin kuɗi.

Farko a duba geji. A tsayar da mashin a miƙe a kan shimfiɗaɗɗen wuri, a bar shi 'yan mintuna bayan kashewa, sannan a auna. A shinshina man. Idan yana warin fetur kuma ya tsinke, mai yiwuwa kafireto ne ke yoyo cikin inji, kuma sabon mai ma zai lalace muddin ba a gyara shi ba. Idan ya koma launin shayi da madara, ruwa ya shiga, abin da kan faru da damina ga wanda ke kutsawa cikin kududdufi.

Na biyu, ranar juye a tara man a kwano mai tsafta, a fita da shi rana. Baƙi kawai ba laifi ba ne, aikinsa ke nan ya kwashe datti. Ƙyalli ne abin tsoro. A ja maganaɗisu a cikin kwanon. Abin da ya manne masa ƙarfe ne, daga boris ko giya ko kamshaf. Abin da ke ƙyalli bai manne ba alminiyam ne ko tagulla, daga fistin ko kan inji ko wani bushi. Wannan gwaji ba ya cin minti biyar, amma a yawancin garejin bakin titi ana sakin man ne kai tsaye cikin tsohuwar jarkar da ta tara na mashin ashirin, shaida ta ɓace.

Na uku, a ciro rariya. Akwai 'yar ragar waya da mai ke ratsawa kafin ya shiga famfo, kuma a yawancin waɗannan mashina akwai wani ɗan kofi mai juyawa a bayan murfin dama, wanda ke wurga datti gefe ya manne a bangonsa. Su biyun nan su ne matatar injin. Adalci ne a ce 'yan acaɓa da yawa ba sa wasa da juye, wasu duk mako suke yi. Sai dai za ka sami mashin ya shekara uku ba a taɓa buɗe wannan kofi ba. Idan ya cika, datti ya riƙa wucewa kai tsaye zuwa gindin kwanrod. A rariyar kuma sau da yawa abin da ake tararwa guntayen gam ne, wanda wani bakanike ya lafta a madadin gasket, ya ɓalle ta ciki ya toshe hanya.

Na huɗu, a tabbatar mai yana hawa sama. A buɗe murfin bawul, a tayar da inji yana silo. Cikin ɗan lokaci ya kamata a ga mai yana jiƙa wurin. Idan ya zauna a bushe, a kashe inji nan take, a nemi dalili a rariya ko famfo ko wata hanya da ta toshe.

Na biyar, kunne. Dattijon yakan ɗora bakin doguwar sukudireba a jikin inji, ya kara mariƙinta a kunnensa. Ƙara siririya mai sauri daga sama yawanci ratar bawul ce ko sarƙar taimin, gyaransu ba tsada. Ƙwanƙwasar da ake ji da sanyin safiya, ta ragu idan inji ya ɗumama, ta fi kama da fistin da ya yi sako-sako a silinda. Wadda ke fitowa daga ƙasa da nauyi, tana ƙaruwa idan inji ya yi zafi ko an ɗauki kaya an hau tudu, ita ce ta gindin kwanrod. Gurnani mai bin gudun inji, wanda ake jin girgizarsa a ƙafa, alamar boris ɗin karanshaf ne.

Sai bayan duk wannan ake ɗaga silinda. A kama kwanrod a ja shi sama a danna shi ƙasa. Ɗan motsi gefe da gefe daidai ne, haka aka ƙera shi. Motsi sama da ƙasa kuwa, komai ƙanƙantarsa, in dai hannu ya ji shi, boris ɗin ya gama aiki.

Ga mai babban mashin da fitilar mai ke ƙiftawa, ƙa'idar ɗaya ce. A fara zargin ɗan makunnin fitilar da wayarsa, sannan a ɗaura agogon auna matsi a gwada inji yana da zafi, a kwatanta da adadin da littafin mashin ya faɗa. Gwajin inji mai sanyi yaudarar kai ne, domin mai mai sanyi kullum yana nuna matsi mai kyau.

Abin da mai kauri ke yi, da abin da ba ya yi

Dole a yarda da gaskiyar da ke cikin shawarar da aka bai wa ƙanin matata: mai kauri yana rage ƙara. Yana cika ratar da ta buɗe, ya zama matashi tsakanin ƙarfe biyu. A injin metal har yakan ɗaga allurar agogon matsi. Kuma babu laifi ga tsohon inji a zafin Kaduna a zaɓi mafi kauri daga cikin man da littafinsa ya amince da su, misali 20W-50. Lambar farko tana nuna yadda man ke gudu da sanyi, ta biyu kuma kaurin da yake riƙewa idan ya yi zafi.

Abin da nake suka shi ne zuba man giya, ko wani haɗi mai kama da zuma, a cikin injin da ya riga ya fara ƙwanƙwasa. Boris ɗin da ya fara ɓarewa yana zubar da ɓarɓashin ƙarfe mai tauri a kowane juyi. Mai kauri ba ya mayar da ƙarfen da ya tafi, ba ya kuma hana saura ɓarewa. Ɓarɓashin yana bin mai ya ratsa famfo ya karce shi, famfon ya rage turi, sama ta ƙara bushewa. Da sanyin asubar hunturu, irin wannan mai yana jinkirin ratsa rariya da hawa kan inji, a daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Kuma ba ya kwashe zafi da sauri kamar mai madaidaici. Gyaran da a makon farko zai tsaya a kan kwanrod da boris, bayan wata biyu ya haɗa da fistin da silinda da famfo da kamshaf.

Akwai abin da ya fi kuɗi. Idan inji ya cije ana cikin gudu, tayar baya kan ƙulle. Ƙanin matata ya yi sa'a, a hankali yake tafiya kuma ba fasinja. A hango abin ya faru a Gonin Gora kan hanyar Abuja, da mace da goyo a baya, tirela na biye.

Wannan dabara ta mai kauri ita ce kuma makamin mai sayar da tsohon mashin. Duk wanda zai sayi na hannu, kada ya yanke ciniki a kan inji mai sanyi. Ya hau shi ya zagaya har ya yi zafi sosai, sannan ya saurara, ya ciro geji ya murza man tsakanin yatsunsa.

Wa ke biya, wa ke asara?

Za a ce mini, kai ma'aikaci ne mai albashi, kana yi wa mai neman abincin yau wa'azin wata mai zuwa. Maganar tana da nauyi. Tun daga 29 ga Mayu 2023, da aka janye tallafin fetur, farashinsa ya ninka kusan uku cikin 'yan kwanaki, faɗuwar naira kuma ta ɗaga kuɗin baƙin mai da kayan gyara, waɗanda akasarinsu daga waje suke zuwa. Ɗan acaɓa yana fita da safe da bashi uku a kansa: fetur, balas, cefane. Biyun farko ba sa jira, na ukun ma haka. Abin da kawai zai iya ɗagawa zuwa mako mai zuwa ba tare da wani ya yi masa magana ba shi ne juye. Ga shi kuma tun 2014, lokacin gwamnatin Mukhtar Ramalan Yero, doka ta haramta acaɓa a cikin birnin Kaduna, duk da cewa mashin bai bar unguwannin da mota ba ta shiga ba. Mutumin da bai da tabbacin mashin zai kwana a hannunsa ba zai yi masa tanadin shekara ba.

To amma wannan hujja tana ɗauke laifi daga kan yaron ne ta ɗora shi a kan yarjejeniyar. A tsarin balas da muka saba, mai mashin yana karɓar adadi tsayayye, mai tuƙi ke sayen fetur da baƙin mai, idan inji ya buga kuma a dawo wa mai shi. Wato wanda ke da ikon hana ɓarna ba shi ne zai biya ta ba, wanda zai biya kuma ba ya nan ranar juye. Ƙari a kan haka, yaron yana tsoron faɗar cewa mashin ya fara ƙara, domin ya san amsar: ko a zarge shi da tuƙin ganganci, ko a ajiye mashin ya rasa na abinci, ko a karɓe a bai wa wani. Da na tambayi ƙanin matata me ya hana shi gaya mini, cewa ya yi, "Yaya, na ji tsoron ka ce ni na lalata." Mu da muke zaune a ofis muna rubuta rahoto kan yadda ake tafiyar da ma'aikata, mu ne muka gina wa 'yan'uwanmu tsarin da yin shiru ya fi faɗar gaskiya riba.

Gyaran ba wuya. Mai mashin ya ɗauki kuɗin juye da wanke matata a kansa, ko da zai ɗan ƙara balas don ya cike. Ya sayi man da hannunsa. Ya kuma yi alkawari a fili cewa ranar da aka ajiye mashin saboda an ji baƙuwar ƙara, babu balas a ranar, babu faɗa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Man da ke cikin gora

Saura tambayar wane mai ake zubawa. A bakin titunanmu ana sayar da baƙin mai a gorar ruwa, ana aunawa daga duro. Wani nagari ne da aka rarraba. Wani kuwa man tushe ne tsurarsa, wanda ba a haɗa masa sinadaran da ke wanke datti da hana zaizaya da riƙe kauri cikin zafi ba. Wani ma tsohon mai ne da aka tace. Ido ba ya bambance su. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya ta sha kama jabun mai, hukumar NMDPRA da dokar man fetur ta 2021 ta kafa ita ke da alhakin lasisin masu haɗawa da sayarwa, amma kasuwar ta fi ƙarfin samamen lokaci-lokaci. Abin da mai saye zai iya yi shi ne ya nemi rufaffiyar roba daga dilan da aka sani, ya duba lambar kauri, ya kuma nemi tambarin JASO MA, ma'aunin da Japan ta fitar a 1998 don man mashin mai jiƙaƙƙen kuloci. Wasu mayukan mota suna da sinadarin ƙara santsi wanda ke sa kulocin mashin zamewa.

Mai sayen na gora ba wawa ba ne, aljihunsa ne bai kai lita guda ba a ranar. Nan ne ƙungiyoyin masu mashin a tashoshi za su yi amfani: a sayi katan ko galan daga tushe, a raba wa mambobi a farashin sari. Ƙungiyar da ke iya tara kuɗin tikiti kullum ba za ta gaza wannan ba.

Abin takaicin shi ne, a kan wannan titin na Kachia da mashin ɗina ya mutu, 'yan kilomitoci gaba, matatar man Kaduna take. An buɗe ta a 1980, aka ƙara mata sashen man shafawa a 1983, kuma ita kaɗai ce cikin matatun gwamnati aka gina don ta samar da man tushen da ake haɗa baƙin mai da shi. Shekaru ke nan ba ta wannan aiki, ƙasar ta dogara da na waje. Yaron da ke zuba man da bai san asalinsa ba yana wucewa ta gaban katangarta.

Ƙura ma tana da nata kason. Yashin da iskar hunturu ke ɗauke da shi ya fi ƙarfen boris tauri. Idan soson matatar iska ya yage, ko an cire shi wai don mashin ya ƙara gudu, ƙurar kan bi iska ta shiga silinda, ta ci ringi, ta gangara cikin mai. Daga nan man ya zama ruwan wasa wuƙa. Mafi tsadar mai a duniya ba zai ceci injin da ke shaƙar ƙurar Disamba ba tacewa ba.

Katin Kakuri

Kudancin kogin Kaduna ya taɓa zama wurin da aka fi sanin darajar kula da inji a Arewa. Masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri a 1957, kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a nan a 1975. Dattijon bakaniken ya ce a masaƙar da ya yi aiki, kowace na'ura tana da kati a rataye, ana rubuta ranar da aka zuba mata mai da sunan wanda ya zuba, kuma ma'aikacin da ya ji baƙuwar ƙara ya tsayar da na'ura yabo yake samu. Da masaƙun suka rufe a farkon shekarun 2000, da yawa daga cikin ma'aikatansu da 'ya'yansu mashin suka hau don neman abinci. Injuna sun ƙaru a unguwar, katin ne ya ɓace.

Bayan an gama gyara, dattijon ya yago bangon kwalin fulogi, ya ja layi uku da biro: rana, irin mai, abin da aka gani a kwano. Da yake agogon kilomita na mashin ɗin ya daɗe da mutuwa, kamar na yawancinsu, ya ce a riƙa ƙirga kwanaki: juye duk mako biyu, a wanke soson iska a ranar, rariya kuma a duba ta kowane juye, kofin juyi duk bayan 'yan watanni. Katin yana cikin akwatin sifana a gefen mashin. Man ni nake saye.

Wata uku da suka wuce yaron ya sake kira na, wannan karon daga Television, mashin yana tafiya lafiya. "Yaya, ina jin wata 'yar ƙara a sama, tun jiya." Na ce ya wuce Kakuri kai tsaye, balas ɗin ranar na yafe. Ratar bawul ce ta buɗe. Dattijon ya ɗaure ta kafin shayinsa ya huce, ya rubuta a kati, yaron ya koma aiki kafin azahar.